Ranar Da Na Yashe Kududdufin Baba Dede

Na sha wuya a Turkiyya, kuma ba irin wuyar da ake yaba wa mutum a kanta ba. Wuya ce kawai. Abin da na dawo da shi Shahuci jaka ɗaya ce, da ciwon gwiwa, da kukan kwaɗi da na ɗauka a waya bayan sanyin ƙasar ya wuce. Har yau idan na kunna sai matata Yagana ta ce, "Malam, mutane na zuwa waje su dawo da mota, kai ka dawo da kwaɗo." Gaskiyarta ce.

Sunana Bukar. Kakanninmu daga Borno suka zo, amma ni ko gaisuwa da Barbarci sai na yi tuntuɓe. Sana'ata yasar rijiya, ita na tarar ubana yana yi. Daga Shahuci zuwa Ƙofar Na'isa da wuya ka sami tsohon gidan da ban taɓa sauka cikin rijiyarsa ba. Da burtsatse ta yi yawa aka dinga rufe rijiyoyi da kankare, sai na wayi gari da igiya da guga ba mai kira. Yadda aka yi na tafi da abin da aka sayar, wannan a bar shi.

A Santambul aka fara. Mutumin da ya yi mana hanya ya ce aiki na jira a kamfanin darduma, ga ɗaki ga abinci. Ya tarye mu a filin jirgi yana ta fara'a, ya kai mu wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ya ce zai je ya dawo. Har na bar ƙasar bai dawo ba. A ɗakin nan a jere muke kwana kamar buhunan masara, 'yan Ghana, 'yan Senegal, da wani ɗan Sudan mai tari. In za ka juya sai ka taɓa na kusa da kai ya matsa.

Na koma dako a unguwar da matan ƙasarmu ke zuwa saro abaya da takalma. Wata rana na ɗauko wa wata Hajiya dila, muna tafe tana ta kallona, can ta ce, "Bawan Allah, ba kai ka taɓa fito mana da ɗan akuya daga rijiya a Ƙofar Na'isa ba?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce ni ne, Hajiya. Ba ta ƙara tambayata komai ba, Allah ya saka mata da alheri. Da muka isa masaukinta ta shiga ta fito da ƙullin yaji da kilishi a takarda, ta ce, "Ba zan ce na gan ka ba sai in ka ce in faɗa." Na ce kar ta faɗa. Yajin nan sai da ya raka ni wata da watanni, ina lasa kamar magani.

A wajen dakon na haɗu da Buba, wani Bafulatanin Ƙofar Kabuga, siriri kamar sandarsa ta kiwo. Ya daɗe a ƙasar har yana jin yarensu. Da ya ji ni Babarbare ne sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya aiko mini da bawana har Turkiyya." Na ce, "Ɗan Fulani, ina ka baro shanun mutane?" Tun daga ranar ba mu rabu ba.

Shi ya kawo maganar ƙauye. Ya ce can wajen Baƙin Teku ana tsinkar wata irin gyaɗa da ke fitowa a bishiya, ana neman ma'aikata. Muka tafi. Gonakin a jikin tsauni suke, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, wuni guda kana riƙe da reshe don kar ka gangara. A nan gwiwata ta lalace. Ɗan kwangilar da ya kwaso mu kullum sai ya ce sai an gama zai sallame mu gaba ɗaya. Ranar da aka gama ya ba mu abin da ya ga dama ya shiga motarsa. Buba ya bi shi da zagi, Turkanci da Fillanci a haɗe. Ni zama na yi a kan dutse, don ba ni da ƙarfin zagi. Takardunmu sun riga sun mutu, wa za mu kai wa ƙara?

A masallacin ƙauyen muka raɓe, a nan wani tsoho ya lura da mu. Kowa Dede yake ce masa, wato kaka. Ni na ƙara masa Baba, don bakina ba zai iya kiran dattijo gatsau haka ba. Ya ja mu gidansa a ƙarshen gari, ya buɗe mana wani ɗaki a bayan gida inda yake ajiye fatanya da buhuna. Akwai murhun ƙarfe mai bututu a tsakiya. Buba ya shafa murhun ya dube ni.

"Bawa, ka ga wannan? Nan gaba kaɗan ya fi maka Yagana amfani."

"Ka kiyayi sunan matata, ɗan Fulani."

"Ba wasa nake ba." Kuma ba ya dariya. "Kai ba ka ga sanyin ƙasar nan ba tukuna. Bara a Santambul an tsinci wani baƙar fata a tashar mota, a zaune, hannunsa a aljihu, sanyi ya kashe shi. Mu yi duk yadda za mu yi kar a fitar da mu daga ɗakin nan."

Bayan gidan ba shi da girma. Bishiyar tuffa, ɓaure, 'yan kunyoyin kabeji, sai wani ɗan kududdufi a ƙarshe wanda bai wuce faɗin ɗaki ba, an zagaye bakinsa da duwatsu. Da yamma ta yi sai na ji abin da ban ji ba tun da na bar gida. Kwaɗi. Nasu muryarsu ta bambanta, kamar masu dariyar ƙeta, amma kwaɗo kwaɗo ne. Na tsaya da buta a hannu na manta alwala zan yi. Sai ga ni a kududdufin bayan gidanmu da damina, ruwa ya cika har bakin hanya, ana shimfiɗa tabarma a soro. Namiji da furfura, ina tsaye ina hawaye saboda kwaɗo.

Da na kira Yagana ta ji su ta waya. Ta ce, "Malam, ka tabbata ƙasar waje kake? Ko dai kana nan bayan ganuwa ka ɓuya?"

Baba Dede kullum bayan la'asar yana fitowa da kujera da ɗan kofin shayinsa ya zauna a bakin ruwan. Ba ya magana. Buba ya ce tun da tsohuwarsa ta rasu haka yake yi. 'Yarsa guda ce, tana aikin asibiti a birni, muryarta kawai muka sani, shi ya sa Buba ya sa mata Hajiya Waya. Ba ta son zamanmu a gidan. In ta kira uban, Buba yana jiyo su ta taga yana fassara mini: baƙi ne, ba takarda, uba tsoho shi kaɗai, in hukuma ta sani shi za a ci tara. Ban ga laifinta ba. Da ubana ne, ni ma abin da zan ce ke nan. Tsohon ba ya ce mata e, ba ya ce mata a'a. A ƙarshe ta ce za ta zo da kanta kafin ƙanƙara ta sauka.

Ana nan gari ya fara canzawa. Tsattsewa suka dinga taruwa a kan wayar lantarki, kullum suna ƙaruwa, suna ta hayaniya kamar 'yan tasha. Baba Dede ya nuna su da sanda, ya nuna kudu, ya ce, "Afrika." Buba ya ce, "Ka ji, bawa, ƙasarmu za su. Ba ka da saƙo?" Na ce su gaida mutanen Shahuci, su ce ina lafiya. Wata safiya muka tashi wayar ba kowa. Ban san tafiyar tsuntsu za ta iya ɓata wa mutum rai haka ba.

Waɗanda suka rage sai suka matso gida. Gwara, da kurciya, da wani ɗan mitsitsi mai jan ƙirji wanda ba mu da irinsa, marar kunya, har kan takalminka zai sauka. Baba Dede ya rataye wani faifan katako a reshen tuffa, kullum da safe ya zuba musu ɓarɓashin burodi da tsakin alkama. Ganye ya yi ja, ya yi ruwan ɗorawa, ya fara zuba. Su kuma kwaɗi kukansu ya dinga raguwa, yau kaɗan, gobe guda ɗaya yana yi shi kaɗai kamar mai kiran wanda ya tafi, har aka wayi gari shiru.

Na leƙa kududdufin. Ganye ya rufe shi ruf, ruwan ya yi baƙi, in ka sa sanda ka motsa sai wari ya taso. Ni da na yi rayuwata a cikin rijiya na san wannan warin. Ruwa ne da ya ruɓe. Na ce a raina, shi ya sa suka yi shiru, ƙazanta ce ke kashe su, tsoho kuma ba shi da ƙarfin gyarawa.

Ga kuma abin da ke cina. Buba ya sami wani maƙwabci mai shanu yana taya shi tatsa, ɗan Fulani ya ga gida. Ni fa? Itace an riga an faskare tun kafin mu zo. Girki tsohon yake yi da kansa. Ina zaune ina cin burodin mutum, kuma kowa ya san wanda ba ya tsinana komai a gida shi ake fara nuna wa hanya. Abu ɗaya na iya a duniya da ba wanda zai gwada mini, ga shi kuma a gabana yana wari.

Ranar da 'yar za ta zo, Baba Dede ya tafi gari tun da safe don ya ga likita ya taho da ita. Buba ya tafi wajen shanunsa. Ban yi shawara da kowa ba. So nake su shigo su gani.

Na naɗe wando, na yi bisimilla kamar yadda ubana ke yi kafin ya sauka, na cire dutsen da ya toshe magudanar da ke kai ruwa cikin kabeji. Da ruwan ya ja na shiga da shebur da bokiti. Sanyinsa sai da ya taɓa mini haƙori. Amma da na fara sai jikina ya tuna. Ganye tukuna, sannan baƙin taɓo, sannan laka mai danƙo, kana bi a hankali daga gefe zuwa tsakiya har ka ji shebur ya daki ƙasa mai tauri. Tun da na je ƙasar ban yi aikin da na ji ni mutum ne ba sai ranar. Har waƙa na yi.

Kwaɗin suna cikin taɓon, da yawa. A gida in na tarar da kwaɗo a rijiya wurgo shi nake waje ya kama gabansa. Waɗannan na wurga su kan ciyawa, suka tsaya inda suka faɗi. Ido a rufe, jiki sanƙarau, wani ya ɗan miƙa ƙafa kamar mai gargarar mutuwa. Na ce Allah sarki, na makara. Na tattara su gefe guda a gindin ɓaure don in haƙa rami in rufe in na gama. Hankakinsu masu ruwan toka suka sauko, na kore su, suka dawo, na gaji na rabu da su.

A sana'armu duk abin da ka tsinta a ƙasan rijiya ba naka ba ne. Wankewa kake ka jera a bakin rijiyar, mai gida ya zo ya gani da idonsa. Haka na yi. Cokalin shayi, wani kofi da ya fashe, almakashin lambu ya yi tsatsa, da silifa ɗin mace ƙafa ɗaya, na roba, shuɗi. Na jera su a kan dutse, na tara taɓon a gefe ya yi tudu, na wanke hannu na tsaya ina jira.

Bayan azahar suka shigo, Buba na biye da su da jakarta. Mace ce doguwa da tabarau, ta fi muryarta taushin fuska. Baba Dede ya zagayo bayan gida ya tsaya. Ya dubi ramin, ƙal, har duwatsun ƙasa ana gani. Ya dubi tudun taɓo. Sannan ya ga gindin ɓaure. Ya taka a hankali ya durƙusa da ƙyar, ya ɗauki kwaɗo ɗaya a tafin hannunsa ya rufe da ɗayan hannun. Bai dube ni ba.

'Yar ce ta yi magana, da sauri, tana nuna ni tana nuna uban. Na ce, "Buba, me take cewa?"

Buba bai ce mini bawa ba. Ya ce, "Malam Bukar, me ka yi haka?"

"Yasa na yi. Ruwan ya ruɓe, duk sun mutu."

Ya tambayi tsohon, tsohon ya amsa a taƙaice, murya ƙasa-ƙasa.

"Ya ce ba mutuwa suka yi ba. Barci suke. In sanyi ya zo cikin taɓon nan suke shiga su kwanta har sai gari ya yi ɗumi. Taɓon shi ne bargonsu, ganyen ma da gangan yake barinsa. Ya ce yau in rana ta faɗi raɓa za ta daskare, duk wanda ke waje ba zai kai safe ba."

"Ita fa?"

"Ita cewa take, ka gani ko, Baba, yau kududdufi ne, gobe ban san mene ne ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai, na san wannan. A gida ma in kududdufi ya ƙafe da rani ai cikin laka suke nutsewa su jira ruwan farko. Tun ina yaro na sani. Amma ni a kaina zafi ne ke sa kwaɗo ya ɓuya. Ban taɓa kawo wa raina sanyi ma yana sa shi ba.

Tsohon ya ajiye kwaɗon ya shiga gida. Ban ce a ba shi haƙuri ba, don ban ga abin da haƙuri zai gyara ba. Na sake naɗe wando na ɗauki bokiti.

Mayar da taɓo ya fi fitar da shi wuya. Ban taɓa yi ba, ba kuma wanda na taɓa ji ya yi. Na toshe magudana, na dinga kwasa ina zubawa, Buba ya tuɓe rigar sanyinsa ya shigo yana miƙo mini. Yana yi yana mita. "A tarihin Barebari kaf, kai ne na farko da ya yashe rami ya kuma mayar da ƙazantar da hannunsa. Sai na ba da labarin nan a Kabuga." Na ce, "Miƙo bokiti, ɗan Fulani." Da taɓon ya koma na ɗauko kwaɗin ɗaya bayan ɗaya, in yi ɗan gurbi da yatsa, in kwantar, in shafa laka a kai sama-sama. Wasu hankaki sun riga sun yi musu illa, waɗannan na rufe su a gindin ɓaure. Muka jawo tiyo muka sake ruwa a hankali ta jikin dutse don kar ya tone su. Sannan na bi lambun da kwando ina tsince ganyen da na kwashe ina watsawa a kai. Hannuna ya tsage yana jini, ban ji ba sai da na gani.

Ina cikin haka na ɗaga kai na ga 'yar a tsaye wajen dutsen da na yi jeri. Silifa ɗin ne a hannunta. Ta jujjuya shi, ta tambayi Buba wani abu.

"Ta ce me ya sa ka wanke su ka jera."

"Ka ce mata haka ake yi. Kayan masu gida ne."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta faɗi wata magana gajeriya, kamar dariya za ta yi kuma ba ta yi ba, ta shige da shi ciki. Buba ya ce na mahaifiyarta ne. Wai ta zame a nan tana korar kaza ya faɗa ruwan, ta shekara tana cewa tsohon ya ciro mata yana cewa gobe.

Gab da magariba Baba Dede ya fito da faranti, kofunan shayi a kai. 'Yar na bayansa ta harɗe hannu. Ya zagaya kududdufin da sandarsa, ya taɓa ganyen, ya zauna a kujerarsa. Ni ina tsaye, taɓo har gwiwa, ina rawar ɗari, na riga na gama lissafin inda zan nufa da jakata. Ya yi magana mai ɗan tsawo, 'yar ta katse shi, ya ɗaga mata hannu ya ƙarasa.

"Faɗa mini yadda ya faɗa," na ce wa Buba. "Kar ka rage."

"Ya ce ba wanda ya san ko za su rayu. Shi ma bai sani ba. Sai sanyi ya wuce, in sun yi kuka an sani, in ba su yi ba an sani. Ya ce wanda ya yi wannan aika-aikar ba inda za shi, a nan zai zauna ya jira tare da shi. In ya bar ka ka tafi, suka ƙi yin kuka, wa zai zaga?"

"Ita ta yarda?"

Buba ya saci kallonta. "Ta ce a ɓoye shebur."

Tsohon ya miƙo mini kofi. Na karɓa da hannu biyu.

Washegari bayan asuba na fito. Ciyawa ta yi fari fat tana ƙara a ƙarƙashin takalmi, bakin kududdufin ya yi wata 'yar fatar ƙanƙara kamar gilashi. Wani sabon ganyen ya zubo ya rufe ko'ina, hanya, kunyoyi, har bakin ƙofarmu. Tsintsiya na jingine a bango, hannuna har ya kai kanta. Na bar ta a nan. Na koma ɗaki na ɗauko ragowar burodina na jiya, na murmushe a kan faifan da ke reshen tuffa, na ja kujerar Baba Dede na ajiye masa inda rana ke fara sauka. Mai jan ƙirjin nan ya riga kowa zuwa.